Wutar da Ta Ƙi Ƙera Mari

Jiya na hura wuta a maƙerar da na gina a gidana, ƙaurin gawayin ƙirya ya tuno mini da Baffa, wanda ya koya mini ƙira.

Shekarar da mahara suka addabi dajin Birnin Gwari, muna tsakiyar aiki wani barde ya zube masa ƙarfe, wai ya ƙera marin ɗaure bayi. Baffa ko ɗago kai bai yi ba.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, wutar nan fartanya ta sani. Mari kuwa, sai dai ka sare hannun nan."

Barden ya tattake murhun. Kafin la'asar Baffa ya kwaɓa yumɓu ya sake ginawa.

Allah ya haskaka kabarinsa, ya sa wutata ta gaji taurin kansa.