Waken Maccido da Kazar Laraba

Duk Wurno an san ranar da Maccido mai jaki ya bi kaza da gudu har bakin marina, mazagin wandonsa ya tsinke, ya riƙe ƙugu da hannu guda, ɗaya hannun yana miƙa wa kaza kamar za ta tsaya su yi magana. Marina suka bar shuni suka yi ta dariya har wani ya kusa faɗawa rami.

Abin da ya jawo haka kuwa gida ne. Zamanin Nasara ne, Maccido yana kai albasar mutane kasuwar Goronyo a bayan jakinsa, su ba shi lada. Shekara tara shi da matarsa Kaltume suna ɗakin aro a gidan yayansa, ko tari ya yi sai an ji. Sai wani dattijo, Malam Attahiru, ya ɗaura niyyar tafiya Makka a ƙasa bayan kaka, ya sa gidansa kasuwa a fam shida. Ya ce wanda ya kawo fam biyu kafin ya tashi, gida nasa ne, sauran a riƙa ba ƙanensa sannu sannu.

Maccido bai san boko ba, amma kansa ba kabewa ba ne. Fam biyu sule arba'in ke nan. Ya ƙirga wake arba'in a ƙoƙo, ya kasa su bisa kasuwa ashirin da suka rage, ya ga biyu biyu suka tashi. Ya sayi asusun ƙasa. Duk sulen da ya jefa ciki, sai ya cire wake guda ya yar. Ya bar goro, ya bar tsire, har jaki ya fi shi ƙiba.

Ranar nan ya fito da ƙoƙon yana duba saura, aka kira shi. Kafin ya juyo, kazar Laraba maƙwabciyarsu ta share ƙoƙo tas.

Ya dawo gida riƙe da wando. Bai san nawa ya rage ba. In ya fasa asusu, dangi za su ji ƙarar kuɗɗi, kowa ya taho da tasa larura.

Kaltume ta ce, "Malam, mi ya hwaru?"

"Kaza ta cinye min lissahi."

Ta shiga ɗaki ta fito da zare mai ƙulle-ƙulle. Ashe duk sulen da ta ji ya faɗa asusu, sai ta yi ƙulli. Suka ƙirga tare: ashirin da shida. Saura sha huɗu, kasuwa bakwai cif. Daga ranar ya koma ƙirga da tsakuwa.

Da aka gama yankan gero ya fasa asusu gaban Malam Attahiru, sule arba'in ba ko ɗaya da ya ɓace. Da ladan makon nan ya sayi kazar daga hannun Laraba, aka yanka ranar tarewa.

Ana cikin ci, Yusha'u marini, wanda ya fi kowa dariya ranar tseren kaza, ya ce, "Maigida, ina wandon tsere? Kuma wa za ya biya ka wakenka?"

Maccido ya nuna cinyar da ke hannun Yusha'u ya ce, "Wakena ga shi nan kana tauna, cikin zaurena. Kai da ka iya ɗaurin wando, hal yau ɗakin wa kake kwana?"