Zagayen Fadama Bayan Ambaliya

Da likita ya ce ciwon sugan Baba sai da yawan tafiya, ni na riƙa raka shi. Mukan fita ta Ƙofar Dundaye bayan la'asar, mu gangara fadama, mu bi bakin gulbi, mu hau tudu, sannan mu kewayo gida. A bakin gulbin akwai wani tsoho mai gonar shinkafa da suka saba da Baba, kullum sai sun tsaya sun taɓa hira.

Shekarar da aka yi ambaliya, sai da ruwa ya janye muka koma. Shinkafa ta kwanta cikin laka tana wari. Muka iske tsohon zaune inda bukkarsa take a da.

Baba ya yi masa jaje, ya ce, "Malam, ina iyali?"

Ya ce, "Yara suna wurin dangi, Alhaji. Uwassu ruwa yat tahi da ita. Ko gawa ba mu samu ba."

Baba ya durƙusa cikin lakar suka yi addu'a. A hawan tudu ya tsaya yana haki, ya hana ni riƙe shi. Tun ranar bai sake gangarawa fadama ba, sai dai ya zagaya tsakar gida.