Kawu Hamma da Gajimaren Hatta

Duk unguwar International City ta Dubai babu wanda ya kai ni hawan dutse. Ni da na taso ina hawa Dala kafin karin kumallo! Haka na yi ta cika baki har Allah ya haɗa ni da Kawu Hamma, mai facin tayan nan na Ras Al Khor, mutumin Gembu, can kan tsaunin Mambila inda gajimare ke shigowa har ɗaki.

Kun dai tuna shi. Kullum da safe kafin ya buɗe shago sai ya ɗaga hanci sama ya shaƙi iska, ya girgiza kai: "Yau ma babu." Ruwan sama fa yake nufi. A Dubai! Wani Ba'indiye maƙwabcinsa ya taɓa nuna masa hasashen yanayi a waya. Kawu ya ce, "Habibi, wayar taka tana da hanci ne?"

Takalmi kuwa bai taɓa saya ba, tsohuwar taya yake yankawa. Na ce, "Haba Kawu, ga takalma can burjik a kasuwar 'yan China." Ya ce, "Tayar da ta ɗauki kwantena daga nan har Oman, ni ne zan gagare ta?"

Wata Asabar da sanyi, hancin ya ce akwai. Ya ja ƙofar shago, ya bar wani direba riƙe da tayarsa, ya cusa ni cikin akori-kura, sai garin Hatta mai duwatsu. Muna isa aka fara yayyafi, gajimare ya sauko ya kwanta kan dutsen.

"Yalla, mu je, ɗan Dala! Gajimaren ƙasar nan baƙo ne, ba ya jiran kowa. In ya tashi ban shiga cikinsa ba sai baɗi, in ina nan."

Tsoho ya zuba da gudu. Ni kuwa, jama'a! Dutse ya yi santsi kamar an juye masa miyar kuɓewa. Na zame ya fi sau dubu. Na koma rarrafe, wando ya yage, na yi shahada, na yafe wa duk wanda ya taɓa saɓa mini har da surukaina.

Da na kai sama na tarar da shi tsaye cikin farin gajimare, hula a hannu, ruwa na bin gemunsa. Sunayen shanun babansa yake kira, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar yanzu za su ɓullo. Na zube gefensa ina haki, na ce, "Kawu, ka ga Bakano ya iso!"

Ko juyowa bai yi ba. Ya ce, "Rufe bakin nan, hakinka zai kore mini garinmu."

Bai ƙara ganin wani ruwan ba, kafin baɗi Allah ya yi masa rasuwa. A nan Dubai muka binne shi, cikin yashi. Ya Allah ka jiƙan Kawu Hamma, ka sanyaya masa makwanci, ka kai shi inda ciyawa ba ta bushewa.