Ƙaramin Harafin da Ammu Girgis Ya Nuna Mini

Shekara talatin da huɗu Ammu Girgis ya yi yana buga tafireta a wani kamfanin jiragen ruwa a Fot Sa'id ta ƙasar Masar. Ammu muke ce masa, wato baffa da Larabcinmu. Da ya yi ritaya sai ya kafa kujera a ƙofar benenmu, duk mai wasiƙar Turanci a unguwa wurinsa yake kawowa. Bai taɓa taka Ingila ba, amma in ka ce masa tumatir jajaye manya guda uku, zai jera maka su yadda Bature ke jerawa: adadi, girma, launi, sannan tumatir ɗin.

"Mu sunan abu muke fara faɗi," in ji shi. "Su kuwa sai sun gama yabonsa, kana tsaye ba ka san me ake sayarwa ba."

Mijina Ragab ma'aikacin jirgi ne. Wata shekara aka sauke shi a Libaful ta Ingila da ciwon huhu, likita ya aiko mini da wasiƙa. Da guntun Turancina na makaranta na gane kalma biyu, little da hope, wato ba wani sa rai. Na sauko ina kuka, ko takalmi ban sa ba.

Ammu Girgis ya ajiye shayinsa, ya gyara tabarau, ya karanta har sau biyu.

"'Yata, karantawa kika yi ko tsintar shinkafa? Me ya zo kafin little ɗin nan?"

"Wata 'yar a ce kawai, Ammu, harafi ɗaya."

"Kawai, wai! In babu ita, likita cewa yake a haƙura. Da ita kuwa, cewa yake akwai sa rai, ko da ba yawa. Kin tsallake harafi ɗaya kin yi wa mutum zaman makoki yana can yana shan miya."

Ranar ya zaunar da ni muka rubuta amsa, ina faɗi yana juyawa, yana tambayata: ƙwarai nake nufi, ko har ya wuce kima? Kowanne da kalmarsa a Turanci.

Bayan wata huɗu Ragab ya dawo, a rame, da ƙafarsa. Bai sake hawa jirgi ba, gyaran risho ya koma. Duk Lahadi, in Ammu Girgis ya dawo daga coci, nakan soya kifi Ragab ya kai masa. Ammu yakan ce gishiri ya yi yawa, kuma ya cinye tas.