Kular Anti Hasiya a Majalisar Jiha

Tashar Greensboro

Abin da na fara gani da muka isa tashar jirgin ƙasa shi ne kular Anti Hasiya, ja, an ɗaure murfinta da ɗankwali. Gari bai waye ba, amma ƙamshin shinkafa da wake ya cika wurin zaman jira.

Anti Hasiya maƙwabciyarmu ce, 'yar zangon Kumasi. Kullum ita da Mamata da sauran matan gidajenmu sai sun tsallaka titin Wendover da gudu kafin su kama bas ɗin aiki, domin babu fitilar tsayar da motoci a wurin. Bayan da mota ta goge ɗaya daga cikinsu, Hajiya Mariya, a ƙafa, matan suka wakilta Anti ta je Raleigh, babban birnin jiharmu a nan Amurka, ta ga 'yar majalisar yankinmu. Ni kuwa muna hutu, Mama ta ce in raka ta. Daren jiya ko barci ban yi sosai ba, ban taɓa shiga jirgin ƙasa ba!

"Anti, abincin na waye?"

"Na Honorabul mana. A ina kika taɓa ganin an je wajen babba hannu sake?"

Burlington zuwa Durham

Na samu kujerar taga. Bishiyoyi, bayan gidaje, wani doki shi kaɗai a fili yana kallonmu. Mai duba tikiti ya shaƙi iska ya yi wa kular murmushi.

Mun wuce Burlington wayar Anti ta yi ƙara. Alhaji Sule ne, direban tasi da ke zaune a hawan ƙasa na gidanmu, muryarsa har ni ina ji.

"Hasiya, kin yi rajista kuwa? Duk mai zuwa kamun ƙafa wajen 'yan majalisa sai ya yi rajista. In ba haka ba laifi ne. Ga shi kina jiran takardar zama 'yar ƙasa."

Anti ta kashe wayar. Har Durham sai murza zoben azurfarta take yi. Can ta ce, "Sadiya, ko mu sauka mu koma?"

Na ce, "Mu je mu tambaya tukuna." Ban san inda na samo maganar ba.

Raleigh

Daga tasha muka taka da ƙafa, kowa riƙe da hannun kula ɗaya. A ƙofar majalisa aka sa jakunkunanmu cikin na'ura, mai gadi ya buɗe kular, ya ce kai, wannan yaji daga nesa ma yana magana. Ciki akwai tsirrai da wani jan kafet a kan matakala, na so in taɓa shi amma na ji kunya.

A ofis muka tarar da mataimakiyar 'yar majalisar, wata mata mai tabarau a rataye a wuya. Anti ta zungure ni, sai na faɗi tsoronmu cikin Turanci, idona a ƙasa.

Matar ta tambayi Anti, "Akwai wanda ya biya ki don ki zo ki yi magana a madadinsa?"

Anti ta ce, "Matan gidanmu ne suka saya mini tikiti."

Na ɗauka shi ke nan, mun yi laifi. Amma matar ta girgiza kai. Ta ce kuɗin mota ba lada ba ne. Ɗan kamun ƙafa a doka shi ne wanda ake biya, kamar yadda kamfani ke ɗaukar mutum ya riƙa shawo kan 'yan majalisa. Shi ne zai yi rajista, ya bayyana wanda yake wa aiki, kuma an hana shi ba su kyauta. Wadda ta zo da kukanta da na maƙwabtanta, ba ta buƙatar izinin kowa.

Anti ta saki ajiyar zuciya. "Alhaji Sule zai gamu da ni!" Nan take ta tura kular gaba.

Matar ta yi dariya, ta ce a'a, uwar ɗakinta ba ta karɓar ko alewa daga mai neman wani abu a wajenta.

"To, a ƙasarmu wannan gaisuwa ce," in ji Anti da Hausa. "A nan kuma gaisuwar ce abin tsoro."

Sai ga 'yar majalisar ta fito, gajeruwa, da takalmin gudu a ƙarƙashin siket. Anti ta yi bayani da Turancinta na Kumasi, hannuwanta na kwatanta motoci. 'Yar majalisar tana gyaɗa kai, ta ce za ta tuntuɓi masu kula da tituna, amma irin wannan yana ɗaukar lokaci. Na lura ta saci kallon agogo.

Na tuna Mama da jakar abincinta, tsaye a tsakiyar titi, motoci na wucewa gaba da baya. Na ɗaga hannu kamar a aji.

'Yar majalisar ta ce, "Ina jin ki, 'yammata."

"Ranki ya daɗe, tunda ba za ki ci abincinmu ba, don Allah ki zo Wendover ranar aiki da sassafe, ki tsallaka titin tare da Mamata sau ɗaya."