Ranar da Lasifika Ta Kira Shanun Raili

Raili Kinnunen ba ta taɓa ɗaukar kanta mawaƙiya ba. Shekara arba'in da ɗaya ta yi tana tatsar nono a wani ƙauye kusa da Nurmes, kuma abin da take yi da maƙogwaronta da yamma, in ta tsaya bakin daji tana kiran shanu gida, a wurinta aiki ne kamar wankin bokiti. Kowace mace a yankin da irin nata kiran. Raili wajen uwarta ta gaji nata: yana farawa ƙasa-ƙasa, ya haura sama kamar zai tsinke, sannan ta jero sunayen shanun ɗaya bayan ɗaya. Shanun wasu ko kunne ba sa kaɗawa. Nata kuwa, ko suna hayin tafki sai sun taho.

Da gwiwoyinta suka gaza, ta sayar wa maƙwabcinta Tauno garken duka. Tauno mutum ne mai rowar magana, amma ranar da ya zo kora su sai da ya yi doguwa.

"Raili, kar ki ƙara kira a waje. In suka ji ki, wayar shingen nan ba za ta riƙe su ba."

"Ka ɗauke ni yarinya ne? Tafi da su, tun ban canza shawara ba."

A hunturun shekarar ne 'yar ƙanenta Vilma ta zo daga Helsinki. Vilma tana kaɗa kantele, wani kayan kiɗan gargajiya mai tsirkiya, a wata ƙungiya mai cuɗa waƙoƙin kakanni da gangunan ƙasashe masu nisa, abin da Raili ke kira hayaniyar masu digiri. Bayan kofi da burodi mai kirfa, Vilma ta ajiye na'urar ɗaukar murya a kan tebur.

"Goggo, yi mini kiran nan sau ɗaya tak. Don kar ya ɓace."

"Kiran saniya ne fa, Vilma. Ku a birni abin saurare ne ya ƙare muku?"

Ta dai yi, bayan ta tabbatar an rufe tagogi. Daga ranar ba ta sake buɗe baki da shi ba, kusan shekara huɗu. Har hanyar kanti ta canza don kada ta bi ta makiyayar Tauno. Abu ɗaya ne ke cin ta, ba ta kuwa gaya wa kowa ba: ko shanun nan sun manta da ita?

A watan Yuli na shekara ta huɗu aka gayyato ƙungiyar su Vilma bikin kiɗa na ƙauyen, a filin makaranta da ke bakin tafki. Rana tsaka, ana gasa tsiran alade, tsofaffi sun jeru a benci. Raili ta zauna a gaba da sandarta, ta shirya haƙuri da hayaniya. A waƙa ta uku ganguna suka yi shiru, Vilma ta yi mata murmushi, sai wata murya ta fito daga baƙin akwatin lasifika mai tsayin mutum.

Muryar Raili ce, tana kiran shanu. Ba kunya ce ta kama ta ba, tsoro ne, don ta san yadda sauti ke gudu a kan ruwa, abin da ba wanda ya koya wa Vilma a makarantar kiɗa. Ta ɗaga sanda tana cewa a kashe, jama'a suka ɗauka murna take yi, suka hau tafi.

Ba a yi minti goma ba aka ji ƙararrawar wuyan shanu. Shanu tara suka ɓullo ta bayan makaranta a guje, wata na jan guntun wayar shinge a ƙafa. Benci ya kife, teburin kofi ya bi shi, mai gasa tsire ya haye motarsa da cokali a hannu. Mai ganga ya rungume gangarsa ya yi ta kansa.

Raili ta miƙe. Ga Omena, ga Helmi mai farin goshi, ga Ruusu da ta tsamo daga cikin uwarta da hannunta. Ba su manta ba! Ta buɗe hannuwa, hawaye na zuba.

Suka wuce ta. Helmi har gogar kafaɗarta ta yi ba ta waiga ba. Suka kewaye baƙin akwatin suna kuka, Ruusu tana lasarsa.

"Ku kashe abin nan!" in ji Raili.

Aka kashe. Fili ya yi tsit. Ta ja numfashi ta ɗaga kai kamar yadda ta yi sau dubbai. Farkon ya fito, amma da ta zo haurawa sama sai muryar ta karye, ta koma tari. Ta sake, ta sake. Omena ta juyo ta dube ta kamar yadda saniya ke duban baƙo, ta mai da kai ga akwatin. Raili ta tsaya baki buɗe, ta rasa abin da za ta yi da hannuwanta.

Tauno ya iso a tarakta, fuska ja wur. Ya dubi shanun, ya dubi Raili.

"Ba ni na kira ba, Tauno."

"Na gani."

Ya gwada kora, suka ƙi motsi. Vilma tana kuka tana ba da haƙuri, ba mai sauraronta. Raili ce ta faɗi abin da kowa ya riga ya gane.

"Ku ɗora akwatin a bayan tarakta, ku kunna. Za su bi."

Haka aka yi. Tarakta na tafiya a hankali, muryar Raili ta shekara huɗu da suka wuce tana jero sunaye, shanu tara na biye a layi. Ita kuma Raili tana can baya da sandarta, tana ɗingishi a cikin ƙurarsu. Da suka kai kwanar tafki Tauno ya tsaya ya leƙo.

"Hau mana, ga wuri."

"Ja mu tafi," in ji ta. "In ka tsaya za su ɗauka sun iso wurina."