Mushe Nomau da Baƙin Allon Waya

A Matankari, duk wanda ya haura shekara talatin kuma ya taɓa zama a bencin lakwal, wato makarantar boko, ya san kaifin jan biron Mushe Nomau (Mushe, daga Faransanci, shi ne laƙabin malaman lakwal). Shekara talatin da huɗu ya yi yana koyarwa, daga Dogon Kiriya zuwa Sukukutane, kafin a dawo da shi gida ya ƙare a kujerar darakta. Faransanci ne abin taƙamarsa. In yana yi wa yara shifta, zagaya aji yake yi hannuwa a baya, waƙafi ɗaya ya kuɓuce maka sai maki biyu su bi shi. Ana cewa ya taɓa mayar wa sufeto wasiƙarsa da gyara uku a jiki. Shi ne dai yake yawan faɗin haka, sufeton kuwa ya daɗe da rasuwa.

Ritaya ba ta karɓe shi ba. Gonar geronsa ba ta kuskuren da za a ja wa layi, sai ya koma gyara rubutun allunan shagunan mutane ba tare da an roƙe shi ba, har mai gyaran babura na bakin tasha ya daina gaishe shi.

Wata la'asar a fadar shayi, Is'haƙa, malamin lissafi na kwaleji, ya fito da wayarsa yana nuna wa mutane wata manhaja da ake rubuta shirye-shiryen kwamfuta a cikinta. A ciki akwai wani baƙin allo, babu hoto babu ado, sai ɗan layi yana ƙiftawa. Ya ce sunansa shel: ka rubuta umarni, waya ta aikata. Ya rubuta kalma biyu, sai ga makin ɗalibansa saba'in sun jeru. Mutane suka miƙa wuya, babu mai kallon Mushe Nomau.

"Wanga abu ai nahawu ne kawai," in ji Mushe. "Wanda ya san nahawu, kwana bakwai sun ishe shi."

"Baba Mushe, shina da ɗan wuya," in ji Is'haƙa cikin ladabi.

"Ɗana, ni na koya wa ubanka riƙon alli. Rubuta mini matakan a takarda."

Is'haƙa ya rubuta. Mushe ya karɓa, ya gyara masa kalma ɗaya tun a nan, ya ninke ya sa aljihu.

Manhajar ta sauka lafiya. Shel ɗin ne, wanda sai an sauke shi daban a cikinta, ya ƙi. Da farko waya ta ce babu wuri. Mushe ya duba, ya ga hotunan ranar da aka maƙala masa lambar yabo sun kai ɗari biyu, duk kusan iri ɗaya. Bai taɓa ko guda ba. Ya share muryoyin da 'yar'uwar matarsa take aiko mata ta wayarsa daga Birnin Kabi, na shekara biyu. Matar tasa, Asiya, ta yi kwana uku tana ajiye masa tuwo ba magana.

Sai kuma sabis. Saukewar takan kai saba'in cikin ɗari ta tsaya, kamar jakin da ya ga rami. Sau huɗu haka. A na biyar ya fita bayan gari ya hau tudu, ya ɗaga wayar sama har hannu ya sage, wani makiyayi da ke wucewa ya tambaye shi ko wani abu ne ya ɓata. Nan dai ta cika.

Ya dawo gida ya zauna a kan kujera, ya sa tabarau, ya buɗe takarda. Umarnin farko harufa biyu ne ƙanana, ls, wanda Is'haƙa ya ce yana nuna abin da ke cikin waya. Mushe bai taɓa fara jimla da ƙaramin baƙi ba tun da aka yaye shi. Ya rubuta da babban baƙi, ya ɗiga aya a ƙarshe. Allo ya ba shi amsa da Ingilishi, harshen da ya daɗe yana cewa na 'yan kasuwar kan iyaka ne. Sai da ya tono wani tsohon ƙamus a ƙasan akwati ya gane cewa wai ba a san wannan umarni ba.

Ya sake rubutawa. Ba a sani ba. Ya cire aya ya bar babban baƙi, don a raba gardama. Ba a sani ba. Ya tsallaka zuwa umarni na uku, madannan wayar da ke kan Faransanci suka gyara masa kalmar da kansu suka ɗora mata wasali mai hula, ya kuma yarda da su, tunda ya fi kyan gani. Da ya yi dacen rubuta wani daidai, sai allo ya ce ba a ba shi izini ba. Wannan ta fi ci masa rai. Mutumin da yara ke ɗaga yatsa su roƙe shi izinin fita fitsari.

Ya bar zuwa fada, ya aika cewa mura ce. Rana ta shida ya shiga motar kasuwa zuwa Dogon Dutsi, inda yake zaton ba wanda zai gane shi. Aka nuna masa wata rumfar gyaran waya kusa da tasha. Mai rumfar mace ce, Fati, za ta yi shekara talatin da biyar, da goyo a baya da ƙarfen narka dalma a hannu. Tana ɗaga kai ta ajiye ƙarfen, ta rusuna.

"Mushe, ina wuni? Ba ka gane ni ba. Fati ce, ɗiyar Ɗantala mai dawo, Sukukutane. Aji biyar."

Bai tuna ba, sai da ta taimaka masa: ita ce wadda ya ɗaga takardarta gaban aji ya ce akuya ma in ta taka tawada za ta fi ta rubutu. Bayan hutun nan ba ta koma ba. Aure ya kai ta Sakkwato, can ta koyi gyara a shagon ƙanen mijinta.

"Wayar wani maƙwabcina ce," in ji Mushe. "Tsoho ne, bai yi karatu ba."

Fati ta kunna wayar. Ga hoton Mushe nan a fuskar wayar, cikin babbar riga, lambar yabo a ƙirji. Ta karanta abin da ya yi ta rubutawa kwana biyar, daga sama har ƙasa, a hankali.

"Maƙwabcin naka shina son babban baƙi," ta ce. "Wanga allo bai san girma ba, Mushe. Abin da anka ce, shi za a rubuta, ba ƙari. Kuma ran da manhajar ta roƙi izinin shiga ma'ajiyar waya, mi ya danna?"

"Ƙila ya ƙi."

"Ya ƙi."

Ta shiga saiti ta ba da izinin, ta kashe gyaran madannai, sannan ta miƙa masa wayar maimakon ta ƙarasa. Ta ce gara ya koya da hannunsa, don ya je ya nuna wa tsohon. Ta jawo masa benci. Tana faɗa yana rubutawa: ƙaramin baƙi, a bar fili ɗaya, ba biyu ba, ban da aya. Sau uku yatsansa yana kai wa aya da kansa, sau uku tana cewa, "Goge, Mushe, a sake." Masu jiran wayoyinsu suka matso suna kallo. A karo na huɗu sunaye suka zubo a allon, fari a kan baƙi. Gumi ya jiƙa masa hula. Fati ta ce ya yi ƙoƙari, ta koma kan ƙarfenta.

Washegari mura ta warke. Ya isa fada kafin a ɗora shayi, ya rubuta harufan nan biyu gaban kowa, ya zagaya da wayar. Is'haƙa ya taya shi murna, ya tambaya ko me zai fara ginawa da shi. Mushe ya ce ba a gaggawa da ilimi.

Har yau umarni uku ya sani, kuma bai gina komai ba. Amma duk wanda wayarsa ta lalace a Matankari, Mushe yakan tare shi ya ce ya kai Dogon Dutsi wurin Fati, ya ce shi ya turo shi. "Ɗalibata ce," yakan ce. "Tun tana aji biyar na ga alama."